Kiɗan da Ba Shi da Baki: Tarihin Fiyano Daga Yamai Zuwa Birnin Gwari

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, mu mutanen Birnin Gwari sai muka koma wata rayuwa da muka ɗauka mun yi sallama da ita. Ga waya a hannu, amma ba kira, ba WhatsApp, ba Facebook. Amfanin da ya rage mata shi ne tocila da rediyo da duk abin da mutum ya riga ya tara a memori. A makonnin nan ne masu tura waƙoƙi da fina-finai suka sake zama manyan mutane. Yaron da nake kai wa caji yana da wata tsohuwar kwamfuta da ya ɗaure murfinta da roba, in ka ba shi abin da ya samu sai ya cika maka memori har wuya.

A cikin abin da ya zuba mini akwai wani kiɗa na kimanin minti bakwai. Ba waƙa a ciki, ba muryar kowa. Gangar na'ura ce take tafiya a kan bugu ɗaya ba ta gajiya, fiyano kuma tana bi ta kanta da wani sauti mai kama da jitar Buzaye, ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, kamar raƙumin da ke jan guga a bakin rijiya. A wurin suna, lambobi ne kawai. Na tambayi yaron wane ne ya kaɗa, ya ce wani direban babbar mota ne ya bar masa, shi kuma direban a Illela aka tura masa. Nan salsalar ta tsaya.

Kafin layi ya dawo na saurari kiɗan nan ya fi a ƙirga. Dare ya raba, gari ya yi tsit, kowa yana kasa kunne ga abin da zai ɓullo ta wajen dajin Kamuku, ni kuma ina kwance da abin sauraro a kunne ɗaya. Mutumin da ya ɗebe mini kewa a wancan lokaci ko sunansa ban sani ba. Shi ya sa da intanet ta dawo na shiga bin sawu, na tarar kiɗan na'ura a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ya doshi shekara hamsin, yana da magabata, yana kuma da dangi a Amurka da Jamus. Sautin magabatan nan ya daɗe da shiga kunnenmu. Sunayensu ne suka maƙale a hanya, kuma akwai dalili.

Yamai, 1978

In za a fara lissafi, da Mamman Sani Abdoulaye za a fara. An haife shi a Gana a farkon shekarun 1950, ya tashi a Nijar, ya yi aikin koyarwa, daga baya ya yi aiki da hukumar UNESCO, aikin da ya riƙa fitar da shi ƙasashen waje. A wajen wani taro ne ya ga wani wakili daga Ruwanda da ogan, wato babbar fiyano mai aiki da lantarki, ƙirar kamfanin Orla na Italiya. Ya lallashe shi har ya sayar masa, ya dawo da ita Yamai.

Irin wannan ogan tana da maɓallan da ke canza launin sauti, tana kuma da 'yar na'urar ganga a cikinta mai bugun da aka tsara tun daga masana'anta. Don waƙoƙin Turawa aka ƙera ta. Mamman Sani sai ya ɗauko karin waƙoƙin da ya tashi yana ji, irin na Fulanin Bororo da na Buzaye, ya zuba mata, ya haɗa da nasa na kansa. A 1978 ya shiga situdiyon gidan rediyon ƙasa ya naɗi kaset ɗin da duniya ta sani yau da suna La Musique Électronique du Niger, wato kiɗan lantarki na Nijar. A ciki ne kiɗan da ya sa wa suna Salamatu yake. Kwafin da aka buga bai wuce ɗari ba.

Kaset ya ƙare a kasuwa, amma kiɗan bai mutu ba, domin rediyo da talabijin na Nijar sun ɗauke shi suna sa shi a tsakanin shirye-shirye. Yaro ya tashi yana jin sa kafin labarai, ya girma, ya haifi nasa yaran, su ma suka tarar da shi. Ya zama kamar ƙarar injin niƙa a unguwa: kowa ya san shi, ba kowa ke tambayar mai shi ba.

Mai karatu ya lura da shekarar. A 1978 Shata yana ganiyarsa da kalangu, Ɗan Maraya Jos yana tashe da kuntigi, Barmani Choge tana cika gidajen biki da ƙwarya a Funtuwa, nan kusa da mu. A Inugu kuma William Onyeabor ya fara fitar da faya-fayan da ya yi da na'urorin lantarki, aikin da ya ɗauke shi daga 1977 zuwa 1985. A lokacin ba a ƙera na'urar gangar da za ta haifi kiɗan rawa na zamani ba tukuna, kuma ba a buga ko faifai ɗaya mai sunan hawus ba. Don a gane girman abin da mutumin Yamai ya yi, sai an leƙa garin da aka haifi wancan kiɗan.

Shikago da kayan gwanjo

A 1977 wani saurayi baƙar fata ɗan New York, Frankie Knuckles, ya koma birnin Shikago domin ya riƙa sa faifai a wani gidan rawa mai suna Warehouse. Kiɗan disko ake yayi a lokacin. Sai yayin ya faɗi farat ɗaya: a ranar 12 ga Yuli, 1979, masu ƙin disko suka tara faya-fayansa aka tarwatsa su a tsakiyar filin wasa na Comiskey Park, manyan kamfanoni kuma suka fara janye jiki. Da sababbin faya-fayai suka yi ƙaranci, Knuckles ya koma yanka zaren rikoda na tsofaffin yana sake haɗawa, ya tsawaita wurin da masu rawa suka fi so, daga baya ya ƙara gangar na'ura a ƙarƙashi. Daga sunan gidan nan, kamar yadda aka fi ruwaitowa, aka samo sunan kiɗan hawus. Alamarsa ita ce babbar ganga mai bugu huɗu daidai wa daida a kowace gaɓa, kimanin sau 120 zuwa 130 a minti.

Na'urorin da aka gina shi da su kuwa kayan da aka raina ne. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar ganga TR-808 a 1980, sannan TB-303 a 1981, wadda aka yi don ta tsaya a madadin jita mai kaurin murya. Ƙwararrun makaɗa suka ƙi su, suka ce ba su yi kama da ganga ko jita ta gaske ba. Cikin 'yan shekaru aka daina ƙera su, suka faɗa shagunan gwanjo, inda samarin baƙar fata da ba su da kuɗin shiga babban situdiyo suka same su da araha. A 1984 Jesse Saunders ya fitar da On and On, wanda ake yawan lissafa shi a matsayin faifan hawus na farko.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na ƙungiyar Phuture, wadda samari uku suka kafa a 1985: Spanky da DJ Pierre da Herb J. Sun sami TB-303 ta hannu ba su san kanta ba. Aka kunna ta, Pierre ya shiga murɗa maɓallanta, sai ta fara fitar da wani sauti kamar kukan kwaɗi a tsakiyar damina. Suka naɗa a kaset suka kai wa Ron Hardy, mai sa faifai a gidan rawa na Music Box. An ruwaito cewa sau huɗu ya sa shi a dare ɗaya. Da farko mutane suka ja baya, a na huɗu fili ya rikice. Masu zuwa rawa suka riƙa naɗar sa a ɓoye da ƙananan rikoda, kaset ya bazu a gari da sunan Ron Hardy, alhali shi sa shi kawai ya yi. Sai a 1987, da kamfanin Trax ya buga shi a faifai da suna Acid Tracks, aka ga sunan Phuture a jiki. 'Yar takardar da aka manna a tsakiyar faifai ita ta ƙwato musu sunansu.

Suna daban, haƙƙi daban. Wasu magabatan hawus biyu, Larry Heard da Robert Owens, sai da suka shigar da ƙarar wannan kamfani a 2020, sannan a 2022 suka karɓi mallakar ayyukan da suka yi tun shekarun 1980. Amma da sunansu bai kasance a rubuce ba, da ko ƙarar ba su da bakin shigarwa.

Frankfurt, da wata kalma da muka sani

Daga Shikago kiɗan ya haye teku. Ya cika Ingila a 1988, ya isa Jamus dab da faɗuwar bangon Berlin a Nuwamban 1989. A shekarar nan aka fara bikin rawa na Love Parade a titin Berlin da mutane kimanin 150. Bayan shekara goma masu halarta sun haura miliyan. A birnin Frankfurt kuma, inda Sven Väth yake da gidan rawa na Omen, wani reshe ya tsiro. Mutum biyu, Rolf Ellmer wanda ake kira Jam El Mar da abokinsa DJ Dag, suka kafa ƙungiyar Dance 2 Trance, suka fitar da We Came in Peace a 1990. A 1992 Ellmer ɗin, tare da Mark Spoon, ya sake gina wani kiɗa mai suna The Age of Love, wanda ya zama abin koyi ga duk waɗanda suka biyo baya. Wannan reshe shi ake kira tirans.

Ya fi hawus sauri kaɗan, waƙa kuma ba ta dame shi ba. Ana ɗaukar ɗan gajeren sauti a yi ta maimaita shi, ana ƙara masa kaya a hankali. In an kai ƙololuwa sai ganga ta ɗauke, a bar sautin shi kaɗai yana shawagi, zuciyar mai rawa ta rataya, sannan a sako gangar gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda makaɗi ke sassauta hannu kafin ya zuba wa ɗan wasa takensa ya san wannan dabara.

Sunan ma ba baƙo ba ne. A Turanci kalmar tana nufin halin da mutum ke shiga ya fita hayyacinsa, kuma ita ce masu bincike suka yi amfani da ita da suka zo rubutu a kan bori, irin su Fremont Besmer da ya yi aikinsa a Kano ya buga littafinsa a 1983. Abubuwan biyu sun sha bamban. Bori yana tafe da aƙidar iskoki, wadda malamai suka daɗe suna yaƙa, na Jamus kuwa rawa ce ta matasa. Inda suka haɗu shi ne sanin abin da maimaici yake yi wa jikin ɗan Adam. Mai garaya da mai goge sun san wannan tun kafin a kawo lantarki: gajeren kari, a yi ta juya shi, a riƙa ƙara wuta. Saboda haka ranar da na'ura mai maimaici ta shigo ƙasar Hausa, ta tarar da kunnen da ya riga ya saba.

Kano ta karɓi fiyano

Ta ƙofar fim ta shigo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar fina-finan Hausa na bidiyo. Mutanen da suka tashi suna kallon fina-finan Indiya ba za su yi fim ba waƙa ba. Da farko makaɗan gargajiya ake ɗaukowa, masu sarewa da ganga. Amma tara ƙungiya guda a ɗaki, a ciyar da ita, a sallame ta, a sake ɗauka in an yi kuskure, ya fi ƙarfin aljihun mai ƙaramin jari. Sai ƙaramar Casio ta shigo, bayanta Yamaha samfurin PSR, mutum ɗaya ya tsaya a madadin goma.

Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka rubuta wannan tarihi, kuma a rubuce-rubucensa ne mutum zai ga rawar da situdiyon Iyan-Tama ya taka, ya kuma ci karo da sunayen makaɗan fiyano na farko irin su Nasir Gwale da Ali Baba Yakasai. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki a ƙarshen shekarun 1990, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙar fiyano tana iya sayar da fim ita kaɗai. Daga nan aka shiga zamanin da ake kira na nanaye.

Fiyanon Yamaha tana zuwa da abu biyu. Na farko muryoyin kayan kiɗa ne masu yawa, waɗanda makaɗin Kano ke lalube a ciki har ya sami mai kama da sarewa ko goge ko kalangu. Na biyu jerin bugun ganga ne da aka shirya tun daga Japan, a cikinsu har da na disko da hawus da tekno, domin masu ƙera ta abin da duniya ke rawa da shi suka kwafa. Ke nan wani ɓangare na abin da samarin Shikago suka ƙirƙira da kayan gwanjo ya iso Kano a cikin kwali, makaɗi ya rage masa gudu ko ya ƙara, ya karkata shi ya hau karin Hausa. Dangantakar ta jini ce, ko da 'yan uwan ba su san juna ba.

Ba a jima ba fiyano ta fita daga fim. Masu bege suka ɗauke ta, mawaƙan siyasa suka ɗauke ta, masu waƙar amarya da ango suka ɗauke ta. A garuruwa irin namu DJ da janareta da manyan sifiku suka karɓe filin da a da na mai kalangu ne. An yi ta muhawara a kan rawa da waƙa, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A duk muhawarar nan, 'yan wasa da mawaƙa ake ambata, da yabo ko da zagi. Wanda ke zaune a ƙuryar situdiyo da yatsu a kan fiyano ba kasafai ake tunawa da shi ba.

Zamanin memori

Da kaset ya ja baya, waya ta karɓa. Kiɗa ya koma tafiya ta bulutut da memori, daga tasha zuwa tasha, a aljihun direbobi da fatake. Ta haka sautin situdiyon Hausa ya shiga Sahara. A 2008 wani makaɗin jita Buzu ɗan Nijar, Mdou Moctar, ya sauko Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da gangar na'ura da manhajar gyaran murya ta Auto-Tune irin yadda mawaƙan fim ɗin Hausa ke yi. Waƙoƙin suka bazu a wayoyi har Mali.

A can ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, yake tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane. A 2011 ya fitar da tarin Music from Saharan Cellphones, kuma aikin da ya fi ba shi wuya shi ne gano masu waƙoƙin don a biya su, tun da fayil ba ya zuwa da adireshi. Shi ne kuma ya ci karo da kaset ɗin Mamman Sani a wani ɗakin adana kiɗe-kiɗe a Yamai, ya nemi mai shi, aka sake buga shi a faifai a 2013, shekara 35 bayan naɗarsa. Taaritt ya biyo baya a 2014, sannan wasu ayyukan da ya naɗa tsakanin 1981 da 1984 waɗanda ba su taɓa fita ba. Mutumin da ƙasarsa ta mayar da kiɗansa abin cike gurbi tsakanin shirye-shirye sai ga shi yana wasa a Turai da furfura. A wannan shekara ta 2013 wani kamfanin Amurka, Luaka Bop, ya tattara ayyukan Onyeabor, Sahel Sounds kuma ya fitar da tarin waƙoƙin fina-finan Hausa mai suna Harafin So.

Sai Hama, wani direba a Yamai da ke kiɗa da tsohuwar Yamaha in ya tashi daga aiki. Yana ɗauko karin jitar Buzaye da waƙoƙin gargajiya ya mayar da su kiɗan na'ura tsura. Ayyukansa sun daɗe suna yawo a memori, da yawa ba sunansa a jiki, kafin a buga Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Ranar da na fara jin sa na tashi zaune, na ce na gano mutumina. Na bi kiɗe-kiɗensa ɗaya bayan ɗaya, nawa ba ya ciki. Ashe akwai wani Haman a wani gari, wanda ba a kai ga ƙofarsa ba.

Inda sunan yake zubewa

Bahaushe ba mai sakaci da suna ba ne. Marubutan waƙoƙinmu na ajami sukan rufe waƙa da sunansu da na garinsu, su saƙa shekarar a cikin ramzi, don kada mai kwafa ya yar da su. Malamai suna kiyaye salsalar wanda suka karɓi karatu a wurinsa. Mawaƙan baka, Shata da takwarorinsa, sukan kira makaɗansu da 'yan amshinsu a tsakiyar waƙa. Mawaƙan nanaye ma sun gaji wannan: sau nawa muka ji an ambaci situdiyo da wanda ke kan kiɗa a farkon waƙa ko ƙarshenta? Ko kalangu yana da baki. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, makaɗi yana matse igiyoyin a hammata ya kira taken mutum, wanda ya sani ya ji.

Duk hanyoyin nan ta baki suke bi. In mawaƙi ya ambace ka ka rayu, in ya manta ka ɓace. Kiɗan na'ura tsura kuwa ba shi da mawaƙin da zai yi masa wannan alheri, fiyano kuma tana kwaikwayon amon kalangu ne ba tare da ta iya maganarsa ba. Abin da ya rage shi ne rubutu a jikin kaya, nan kuma muka yi rauni. Kaset ɗin da aka kwafa a kasuwa ba ya zuwa da bango. Fayil yana canza suna a kowace rumfa. A ƙara da tsohon kallon da al'umma ke yi wa makaɗi, wanda ya sa wasu masu wannan sana'a su da kansu ba sa son a san su da ita a gida.

A Shikago, titin da gidan Warehouse yake an sa masa sunan Frankie Knuckles a 2004. Bayan rasuwarsa a 2014 an adana faya-fayansa kimanin 5,000 a cibiyar Stony Island Arts Bank, a 2023 kuma birnin ya sa ginin gidan rawar cikin wuraren tarihi da ba a rushewa. Mu namu tarihin yana cikin kaset da zafi ke narkarwa, da kwamfutocin situdiyo da ake gogewa in wuri ya cika, da ƙwaƙwalwar mutanen da yanzu suka fara manyanta. Wanda duk ya san yadda mutanen ƙauyukan yankinmu suka riƙa barin gida da abin da hannu zai iya ɗauka ya san akwatin kaset ba ya cikin abin da ake tsayawa ɗauka. Kuma abin kunya ne a ce kullum sai baƙo ya zo daga wata nahiya ya buɗe mana kabad ɗinmu, sannan mu san abin da ke ciki.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba, domin kayan aikin suna aljihun kowa. Makaɗan fiyano na farko da yawansu suna nan da rai a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Maraɗi. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kai a sashen Hausa yana iya zama da ɗayansu da waya, ya tambaye shi na'urar da ya fara taɓawa, wanda ya koya masa, da waƙoƙin da ya kaɗa, shekara da shekara. Mai ɗora tsohuwar waƙa a YouTube ko TikTok yana iya ƙara layi ɗaya: wane ya rera, wane ya kaɗa, a situdiyo kaza. Mai gabatar da shiri a rediyo yana iya faɗin sunan kiɗan da yake buɗe shirinsa da shi. Wanda ya gaji kaset a gida ya juye shi a kwamfuta kafin zaren ya manne.

Bayan an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, manyan motoci sun ƙaru a hanya, na koma rumfar yaron nan ko direban ya sake biyowa. Ya ce bai ƙara ganin sa ba, tsohuwar kwamfutar ma ta mutu da duk abin da ke cikinta. Ke nan a iya sanina kwafin da ke wayata shi ya rage a garin. A daren na goge lambobin da ke wurin suna, na rubuta abin da na sani: kiɗan fiyano, daga direban da ya karɓo a Illela, an tura mini a Birnin Gwari, Oktoba 2021. Na tura wa mutum biyar, na roƙe su kada su canza sunan, in kuma Allah ya sa wani ya san mai shi, ya ƙara a gaba.